Jesin Nasiru

Ranar wata Laraba da la'asar, a shekarar da ruwa ya ci shinkafarmu a fadama har ba mu girbe ko dami ɗaya ba, na taso daga gulbi da gora a kafaɗa da homa a hannu, na bi ta bayan katangar makarantar sakandaren gwamnati da ke gefen garinmu Argungu. Shekarata goma sha huɗu a lissafin Inna, amma na riga na fi Baba tsawo, har 'yan unguwa sun bar kirana Garba, sai Zalɓe. Ina cikin tafiya sai ga wata ƙatuwar ƙwallo ruwan goro ta tsallako katanga. Na cafe ta da hannu ɗaya, na wurga ta ciki yadda ake wurga ragar birgi a ruwa, na ci gaba da tafiyata. Ban yi taku goma ba na ji usur. Wani gajeren mutum ya leƙo ta kan katanga yana haki, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Kai yaro, ka ci abinci yau?" Ban ci ba. Haka na shiga.

Sunansa Malam Bitrus, malamin wasanni, mutumin wajen Filato. Ya sa aka zubo mini shinkafa da wake a kwanon ɗalibai, na cinye, sannan ya kai ni wani fili mai daɓen siminti, da dogayen ƙarafa biyu, kowanne da allo da zobe da 'yar raga tana reto. Ya ce wannan shi ne ƙwallon kwando. Na duba ko'ina ban ga kwando ba. Ban tambaya ba.

Tarihin filin a bakin ɗalibai na ji shi, don kullum sai sun maimaita wa baƙo. Sun ce tun makarantar tana ajujuwa uku na ƙasa wani Bature dogo ya zo koyarwa, shi ya sa ɗaliban farko suka yi ta ɗauko yashi a ka daga bakin gulbi aka zuba daɓen, wani maƙerin gari kuma ya lanƙwasa zoben. Baturen ya koma ƙasarsu tun ba a haife ni ba, wasan ya zauna. Da shi aka san makarantar. Ba a taka filin da takalmin yawo. Sabon shiga shi ke sharewa. Kafin a fara wasa kowa sai ya dafa ƙarfen gabas, ban san dalili ba, su ma da na tambaya ba su sani ba. Akwai kuma kofin gasa da ya daɗe a ofishin Firinsifal, sai bara wata makaranta a Birnin Kebbi ta ƙwace shi. Yadda suke maganar kofin nan, ka ce gawa ce a gidansu ba a binne ba.

Malam Bitrus ya ce mini, "Idan muka dawo da kofi, ni da kaina zan kai ka gaban Firinsifal a ba ka aji." Ban taɓa zuwa firamare ba. Makarantar allo ma na bar ta tun da yayana Sani ya nutse, na zama ni kaɗai ne hannun Baba. Yadda za a ba irina aji a sakandare ban sani ba, amma mai usur ya faɗa, na yarda. Gaskiya da farko ba karatu nake so ba. Ƙararrawar abinci nake so, wadda ake bugawa sau uku a yini ko ruwa ya ci fadama ko bai ci ba. Daga baya ne, da na riƙa ganinsu suna fitowa aji da farar riga da biro a aljihu, abin ya shiga raina sosai.

A gida aikina bai ragu ba. Da asuba ni da Baba a jirgi muna cire raga, da hantsi ban ruwan albasa, da azahar in faskara wa Inna itacen bandar kifi, sannan in wanke ƙafa in nufi makaranta. Da na gaya wa Baba maganar aji, cewa ya yi, "Wa za ya riƙe man jirgi?" Bai dai hana ni ba, don bakin mutum ɗaya ya ragu a tukunyar dare. Inna kuwa da ta ga jesin wasan da aka ba ni, ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Zanen aro ba ya rufe katara."

Wasan kansa ya ruɗa ni. Mu da muka tashi da kokawa da langa, aka ce taɓa mutum laifi ne. Ka riƙe ƙwallo ka yi tafiya, laifi. Ka buga ta a ƙasa ka kama ka sake bugawa, laifi. Ka daɗe tsaye a gindin ƙarfe, shi ma laifi, alhali can aka ce in tsaya. Usur ya yi ta kuka a kaina, ni kuwa in tsaya ina waige-waige. Abin da ya fi damuna ragar ce. Tun ranar farko na ga gindinta a ɓarke yake, duk ƙwallon da aka sha wahala aka jefa sai ta zube ƙasa, ba kuma wanda ya damu. Na ce a raina 'yan boko ba su iya komai da hannu ba. Wata safiya bayan mun fito ruwa na ɗauko zare da allurar saƙar Baba, na hau kan durom, na ɗinke su duka biyu, ɗinki mai kyau wanda ko giwan ruwa ba zai fasa ba. Da la'asar kyaftin, wani Lawali, ya yi jifan farko, ƙwallo ta shiga ta zauna. Kowa ya ɗaga kai yana kallon ragar. Na daki ƙirji na ce ni ne. Malam Bitrus ya yi dariya har usur ya faɗo daga bakinsa. Lawali bai yi dariya ba, ya ce, "Wanga Zalɓe za ya kashe mu." Daga ranar ni aka ba saƙar ragar makaranta, ina saƙawa ina barin ƙofa a ƙasa, hannuna yana ƙi.

Bayan wata huɗu aka loda mu a motar makaranta zuwa Birnin Kebbi, mu kara da makarantar da ta ƙwace kofi. A hanya Malam Bitrus ya zauna kusa da ni ya ce daga yau sunana Nasiru, ajina huɗu. Nasiru wani ɗalibi ne da ciwo ya mai da shi ƙauyensu, jesinsa ce a jikina. Na tambaya me ya sa ba zan yi wasa da sunana ba. Ya ce haka ake yi. Na yi ta maimaita sunan har muka shiga gari.

Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Aka ba ni kambas da bai kai ƙafata ba, kafin hutun rabin lokaci yatsuna sun sale. Na cire na ajiye, na koma fili ƙafa ba takalmi, a kan simintin da rana ta gasa tun safe. Ni ban ji komai ba, kaushin ƙafata ya fi tafin kambas kauri. Nan na samu kaina. Duk ƙwallon da ta tashi sama tawa ce. Ana ta ihun Nasiru, Nasiru, ni ina mamakin wa ake wa kirari. Muka ci su. Yaranmu suka ɗaga ni sama, har Lawali.

Ba a kai ga miƙa kofi ba sai wani malamin ɗaya makarantar, mai tabarau, ya zo da alƙalin wasa. Tun da na cire takalmi malamin yake kallon ƙafata. Ya ce, "Mi sunanka?" Na ce Nasiru, aji huɗu. Ya miƙo takarda da biro, ya ce, "To Nasiru, rubuta muna." Na dubi Malam Bitrus, ya dubi ƙasa. Na ga dai ana jira, kuma ba a saba miƙo mini abu in mayar ba. Sai na zana layi uku na gitta musu ɗaya, shaidar da muke yi wa gorunanmu don kada su ɓace a cikin na mutane. Shi ne sunan da na iya rubutawa. Takardar ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu.

Kofi ya zauna a Birnin Kebbi. A mota ba wanda ya yi mini magana, ba wanda ya zage ni, ni kuwa na kasa gane ko mun ci ko an ci mu. A bakin kasuwa aka sauke ni. Malam Bitrus ya karɓi jesi, ya ce, "Ka yi haƙuri, Garba." Ranar Litinin na yi wanka da sabulu, na sa rigar Sallah, na je ƙofar makaranta, don a ganina na jefa ƙwallo yadda aka ce. Maigadi, wanda kullum nake kawo wa kifi, ya ce an hana baƙi shiga. Na tsaya a rana har aka buga ƙararrawar azahar. Sannan na koma gida na ɗauki gatari.

Yanzu furfura ta cika mini kai, ina da rumfar banda a kasuwa. An sake wa filin daɓe, an shafa masa fenti, ragarsu ta kanti ce, har 'yan mata suna wasan. Jikokina biyu suna makarantar, da sunansu na gaskiya. Abokan wasana sun yi ritaya, sun ajiye tumbi. Idan suka zo sayen kifi wasunsu sukan ce, "Nasiru, ina gajiya?" Ban sani ba ko tsokana ce ko tunawa, ina dai amsawa. Har yau ban gane wa ya cuci wa ba. Abin da na sani, na yi wa makarantar nan gumi, ban kuwa taɓa ganin cikin ajinta ba.