Lallen Inna da Tarwadar Kawu

Shekarar da muka tare a gidanmu na Nasarawa na ce sai na yi lambu. Na tayar da ƙasa a bakin rijiya, na zuba taki, na shuka alayyahu da tumatir da na'ana'a. A tsakiya na dasa ɗan itacen lalle da na ciro a bayan ɗakin Inna bayan rasuwarta. Sauran shuke-shuken ko sun mutu, da sauƙi, amma lallen nan shi kaɗai ya rage mini na shukar hannunta.

Sai biki ya kai ni Argungu, na bar wa Baba amanar ban ruwa. Shi kuwa Baba manomin shinkafa ne a fadamar Ambursa, a wurinsa duk shukar da ba ta tsaye cikin ruwa zaluntarta ake yi.

Ranar da na dawo, kwaɗi ne suka yi mini maraba. Ashe Baba, bawan Allah, ya kewaye lambun da datsi, ya aro inji ya juye rijiyar a ciki. Kawu kuma, ƙanen Inna, masunci ne. Ya zo gaisuwa ya tarar da ruwa zaune ba kifi, ya ce wannan almubazzaranci ne, ya koma ya kawo tarwada. Na same shi kwance kan gora irin na masunta, homar kama kifi a hannu, cikin ruwan da faɗinsa bai wuce tabarma ba.

“Baba, ina alayyahuna?”

“Shina ƙasa, ɗiyata. Yi hanƙuri shi taso.”

Na duba tsakiya, babu lalle, sai gemun tarwada. Wallahi ban san sanda na zube ƙasa ina kuka ba, ina cewa sun kashe mini Inna karo na biyu. Kawu ya sauko daga gora yana salati.

Baba ya ja hannuna zuwa bayan madafa. Ga lallen nan cikin fasasshiyar tukunya a kan katanga, har ya yi sabon toho.

“Shi na fara cirewa,” in ji shi. “Wanga ba ya son ruwa. Ran da na kwarara mai bokiti a gida, uwarki ta wuni ba ta ce min uffan ba.”

Ya ɗebo ruwa a moɗa ya ɗiga masa kaɗan-kaɗan, ya ƙi yarda in ga fuskarsa.