Takardar Habibu da Katin da Alhaji Ya Zaɓa

Ranar Alhamis ɗin nan ta ƙi fita daga raina. Yau sati biyar ke nan, amma har yanzu in zan ɗauki sukudireba sai na fara goge tafin hannuna a jikin hijabi. Oga ne ya ce in rubuta muku, ku da kuka shigo koyon aiki a bayana. Ya ce ba don ya kunyata ni ba ne. Na yarda, ga shi.

Ga wanda bai san mu ba, gyaran kwamfuta muke yi a nan Azare. Mai shagon shi ne Oga Emeka, wanda Hausa ta zauna a bakinsa kamar a Katagum aka yanke cibiyarsa. Mai bi masa Malam Sani, babban injiniyanmu. Sai ni Hafsatu, da na shigo bayan na gama sakandare, wata tara ke nan. Tun ranar farko ake karanta wa mutum dokar shago: kada ka sa wa na'ura kayan da ba ka tabbatar nata ne ba, kuma kada hannunka ya shiga cikinta sai ka zare igiyar batir, ko da a kashe take.

Ranar Oga yana Kano sarin kaya, Malam Sani ya tafi ta'aziyya Zadawa. Ni kaɗai ce a shago.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wani dattijo mai sana'ar hatsi ya yi sallama, rungume da jakar laftof. Alhaji kowa ke ce masa. Na gaishe shi, na ba shi kujera. Ya ce na'urar ta ɗansa Habibu ce, wanda ya yi haɗari bara a hanyar Jama'are, tun daga nan bai sake taka ƙasa ba.

"Wata da watanni yaron nan bai ce da kowa uffan ba," in ji shi. "Wannan abin ne ya buɗe masa baki. Yanzu har dariyarsa nake jiyowa daga ɗaki."

Laftof ce babba, irin ta masu buga gem. Habibu yana wasa ne ta intanet da wasu samari huɗu da bai taɓa gani da ido ba, kuma jibi Asabar suna da gasa. Matsalar ita ce ɗakinsa yana nesa da falo, inda akwatin intanet yake, sai netwok ya riƙa yankewa ana tsakiyar wasa. Maganin shi ne a canja katin wayafai, wani ɗan abu da bai kai faɗin akwatin ashana ba, wanda shi ke kamo netwok a cikin na'ura.

A aljihun jakar na tarar da takarda da rubutun Habibu. Ya rubuta lambar katin da yake so, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya ƙara da cewa, "Wannan kaɗai, don Allah."

Na duba lambar laftof ɗin kamar yadda aka koya mini, na ga yaron ya yi daidai. Kati iri biyu muke da shi. A ido kamarsu ɗaya, rami ɗaya suke shiga. Amma sabon, mai tsadar, ba ya aiki sai da wata irin ƙwaƙwalwar kwamfuta daban, wadda ba ita ce a cikin ta Habibu ba. Wautata ta farko ita ce na ɗora su duka biyun a kan tebur.

Alhaji ya ce, "'Yata, wanne ne sabon fitowa?"

Na nuna masa.

"To shi za ki sa. Yaron nan kunyata yake ji. Ya ga ɗawainiyar asibiti, shi ya sa ya rubuta mai arhar."

Na ce, "Alhaji, ai shi wannan ɗin..."

"Ni na haife shi, na san halinsa. Sa masa mai kyan."

Idanunsa sun kawo ruwa lokacin da ya faɗi haka. Ni kuwa a gidanmu ba a mayar wa babba magana, balle sa'an kakana. Sai na ji bakina ya ce, "To, Alhaji." A zuciyata na yi wata dabara: bari in sa, zai ƙi aiki, Alhaji ya gani da idonsa, sannan in canja. Wato na'ura ce za ta musa masa, ba ni ba. A lokacin har gani nake na yi hikima.

Karon farko komai na yi shi bisa ƙa'ida. Na kwance notuna, na zare batir, na sa katin, na maƙala siraran wayoyin eriya guda biyu, na rufe, na kunna. Alamar wayafai ba ta fito ba sam, kamar yadda na sani.

Abin da ban lissafa ba shi ne fuskar Alhaji. Bai ga laifin kati ba, nawa ya gani. Ya duba agogo, ya ce motar hatsi na jiransa a Hardawa.

"Kin tabbata kin iya kuwa? Ko in jira Ogan naki?"

Ɗanlami mai cajin waya, maƙwabcinmu, yana tsaye a bakin ƙofa yana ɓare gyaɗa. Ya ce, "Alhaji, injiniya ce fa, ta ƙasa da ƙasa! Sai dai yau aljanun nata ba su karya kumallo ba."

Suka yi dariya, ni kuwa kunnuwana suka ɗau zafi. Na ce minti biyar kawai. Na kashe na'urar, na kifa ta, na buɗe da sauri. Igiyar batir tana gabana, ina kallonta, amma hankalina yana kan agogon Alhaji. Ban zare ta ba. Ina kwance ɗan notin da ke riƙe katin cikin gaggawa, sai ya suɓuce daga bakin sukudireba ya faɗa kan fanel, wato babban allon da komai na na'ura ke kansa.

Ƙyas! Ƙara kaɗan ce, da ɗan tartsatsi, sai wari kamar an ƙona roba.

Na sa katin da Habibu ya rubuta, na rufe, na danna maɓallin kunnawa. Shiru. Na sa caja, na sake dannawa, ko ɗan hasken nan bai kawo ba. Ɗanlami ya sulale ya koma rumfarsa.

Alhaji bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya yi salati a hankali, ya daɗe yana kallon na'urar, sannan ya ce, "'Yata, yanzu me zan je in ce masa?"

Wannan tambayar ce ke tashina daga barci.

Na kira Oga ina kuka. Washegari Juma'a ya sa aka kai masa ita Kano, aka ce fanel ya ƙone, sai an nemo wani. Malam Sani ya kai wa Habibu laftof ɗin shago aro, amma ba ta da ƙarfin ɗaukar wasan. Asabar ta zo ta wuce. Abokansa suka sa wani a gurbinsa, kuma da suka ga ya iya, suka ci gaba da shi.

Bayan sati uku na'urar ta dawo. Oga ya ce tare za mu kai, don wanda ya ɓata shi ke zuwa ban haƙuri. Hajiya, mahaifiyar Habibu, ta yi mana iso. Yana zaune a keken guragu a bakin taga. Na durƙusa na ba shi haƙuri.

Ya ce, "Kin ga takardata?"

"Na gani."

"Kin san daidai na rubuta?"

Na ce na sani.

Ya ce, "Da ma a ce ba ki sani ba ne, da ya fi mini sauƙi."

Ya kunna. Netwok ya cika taf, har daga ɗakin nasa. Ya buɗe wasan, ya ga sunayen abokansa huɗu suna ciki tare da na biyar ɗin da ba shi ba. Ya kalla na ɗan lokaci, ya rufe murfin a hankali, ya ce mun gode.

A hanyar dawowa na jira Oga ya ce in tattara kayana. Bai ce ba. Abin da ya ce shi ne, "Hafsatu, mantuwar batir kowa ya taɓa yi, har ni. Ba noti ne ya ƙona fanel ɗin nan ba. 'To, Alhaji' ɗinki ce."

Ku da kuka shigo yanzu, yawancin masu kawo mana aiki iyayenmu ne, kuma za su zaɓi abu da zuciya ɗaya, don ƙaunar wanda ya aiko su. Ba su san cikin na'ura ba, shi ya sa suka zo wurinmu. In kun san abu ba zai yi ba, ku rusuna, ku sassauta murya, ku kira mutum da girmansa, amma ku ƙarasa maganar. Ni tawa a rabi na bar ta.

Takardar Habibu tana cikin akwatin kayan aikina, a saman sukudireba. Jiya Hajiya ta aiko a duba mata caja, na tambayi ɗan aiken lafiyar Habibu. Aka ce lafiya lau, sai dai ya koma rashin magana.