Gudu Kafin Rana Ta Dafa Iska

Wata Asabar ta watan Janairu, shekarar da nake aji biyar, na yanke jiki na faɗi a filin da ke bayan gidanmu na unguwar Al Nahda a Dubai, muna tsaka da wasan langa. Ba wanda ya ture ni. Gari garau yake, ko ganye ba ya motsi, amma ƙirjina ya ɗaure tamau, maƙogwarona na raɗaɗi kamar na shaƙi barkono. Ƙawata Zainab, 'yar wani ɗan kasuwa Bakano da muke zaune falat ɗaya da su a saman bene, ita ta ruga sama tana ƙwala wa Mama kira.

Mu yaran Dubai, sanyi ne lokacinmu. Watannin zafi a kulle muke cinye su, daga sanyin esi na gida sai na motar makaranta. Da sanyi ya shigo sai a sake mu. Mu gama wanke-wanke, mu shanya kaya a baranda, mu sauko da igiyar tsalle, mu zana 'yar gala-gala da guntun alli a kan kwalta tsakanin motocin maƙwabta. Babana Yohanna makanike ne a wani wurin haƙar gas can cikin sahara, sai ƙarshen mako yake dawowa, kayansa na wani wari da sabulu ba ya fitarwa.

Likitar da ta duba ni ta ce ina da asma, amma ba ita kaɗai ta kayar da ni ba. A ranakun sanyin da iska ta tsaya cak, hayaƙin motoci da masana'antu da tururin wuraren mai da gas ba sa tashi, sai su kwanta a kan gari. Rana ta dafa su, su zama wata guba da ake kira ozon, wadda ido ba ya gani, ta fi ƙarfi daga azahar zuwa la'asar. Da muka iso gida, ranar Baba ko tuwo bai taɓa ba.

Da malamin wasanni ya ji labari, sai ya cire ni daga masu tseren makaranta, wanda ake yi da tsakar rana. Ya ce, "Khalas, habibti, shi ke nan 'yata, ki zauna a inuwa ki riƙe musu ruwa." Na riƙe sau ɗaya. Kashegari na dire gorar a gabansa na ce ni 'yar gudu ce. Aka kore ni daga fili, na koma gida ina kuka don haushi.

Baba ne ya fara tashina da sassafe duk ranar da yake gida. Mu zagaye unguwa a guje kafin rana ta yi ƙarfi, maganin shaƙata a aljihunsa, yana haki yana cewa, "Yalla, maza Rifkatu, kar ki jira ni." Mama kuwa ta ɗauki gyalenta, ta ja Hajiya uwar Zainab, suka bi ƙofa ƙofa suna tambayar 'ya'yan wa ke tari. Ashe muna da yawa, Indiyawa da Sudanawa da namu. Suka ɗunguma ofishin shugabar makaranta. Ina laɓe a bakin ƙofa na ji muryar Mama: "Lokacin za ku sauya, ba 'ya'yanmu za ku zaunar ba." Aka ce tsari ne, ba ya canzuwa. Suka koma, suka sake komawa, har shugabar ta gaji ta mayar da tseren safe. Na zo ta uku. Hajiya ta rangaɗa guɗa har mutane suka waiwayo.

Yanzu an gina wurin ajiye motoci a filinmu, Zainab ta koma Kano, Baba ya yi ritaya da tarin da ba ya barinsa. Yaran unguwa sai an duba waya an ga launin da ke nuna gurɓatar iskar ranar kafin a bar su su sauko, da yawa ma sun daina tambaya. Nakan yi kewar hayaniyarmu. Ni dai har gobe ina fita da safe, in kuma na ga yaro a taga yana leƙe, sai in yafito shi.