Gurmin Habu

Har yau ban manta da Asabar ɗin da aka sa ni tsaron matakala a filin firamare na garinmu, can wajen Kunci, ba. Ku da kuka shigo aikin sintiri bana, ku saurara, don kun ɗauka aikin mace a cikinmu lalube jaka ne kawai a ƙofa.

Lokacin an yanke gero, dawa na tsaye. Wata ƙungiyar samarinmu da ke aiki a birni ta shirya gasar kiɗa da waƙa ta yara masu tasowa, waɗanda ba sana'arsu ba ce, abin da aka samu a ƙofa a sai wa asibitin garin magani. Iyaye ba su yarda da sauƙi ba. A wajenmu yaro ya yi waƙarsa a gona ba laifi, amma ranar da aka manna masa kuɗi a goshi gaban jama'a ya zama maroƙi, gidan manoma kuwa ba sa son wannan suna. Don haka gaban dagaci aka kafa sharaɗi: ba liƙi. Mai son bayarwa ya jefa a akwatin asibiti.

Kwamandanmu ya sa maza a matakalar dama ta dandamali, ni a ta hagu, ɓangaren mata, tunda namiji ba zai sa hannu ya tare matar mutane ba.

Ya ce, "Inna Kande, ko matar ciyaman ce kada ta hau."

Na ce, "Ko uwarka ce, Kwamanda."

Kafin a fara, Malam Sale, maƙwabcin gonarmu, ya zo da ɗansa Habu, saurayi mai kunya, rungume da gurmin da ya haɗa da hannunsa, ƙoƙo da fata, ya koya a wajen korar tsuntsu. Malam Sale ya ce, "Kande, ke na ba amana. Kai kuma Habu, ka ji a gabanta: in takarda ta taɓa goshinka, kai da gurmi kun rabu."

Yara suka yi ta hawa, yawanci da fiyano da ƙarar lasifika. Bayan la'asar aka kira Habu. Ya zauna, bai kalli kowa ba, ya kama waƙar samarin da suka tafi ci-rani ba su dawo ba, da uwar da har yanzu take rage tuwo a kwano ta rufe. Mata suka fara tasowa da kuɗi a hannu, ina mayar da su. Wata Hajiya daga birni ta ce, "Kin san ko ni wace ce?" Na ce, "Na dai san inda akwati yake, Hajiya."

Sai ga Yaya Dije mai daddawa tana dogara sanda, tana kwance bakin gyalenta. Ɗanta Isa ya tafi kudu da daɗewa, ba shi ba labarinsa.

Ta ce, "Matsa, Kande."

"Yaya, doka ce."

"Yaushe kika zama 'yar sanda? Ke da na goya kina tsula mini fitsari."

"Na sani, Yaya. Amma ba za ki hau ba."

Ba ta ja ba. Ta zauna a ƙasa gindin matakala, hawaye na bin fuskarta. Habu ya gama, ihun samari ya ba shi kunya, sai ya sauko ta ɓangarena maimakon nasu. Na ware hannu ina tare mata don ya wuce. A bayana Yaya Dije ta miƙe, ta riƙe haɓarsa, ta manna masa wata tsohuwar takardar kuɗi a goshin da ya jiƙe da gumi. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ka kira mini Isa." Wayoyi duk suna sama, ana ɗauka.

Malam Sale bai ɗaga murya ba. Ya zo, ya ɓare takardar, ya mayar wa Yaya Dije hannu biyu, ya ce, "Gwaggo, mun gode."

Na ce, "Malam, yaron nan bai miƙa hannu ba."

Ya ce, "Na gani, Kande. Gari ma ya gani."

Habu bai jira a karɓe gurmin ba. Ya kwance tsirkiyoyin da kansa, ya naɗe su ya sa a aljihu, ya ajiye gurmin a kan bencina, ya bi bayan ubansa. Da alƙalai suka sanar da cewa shi ya zo na ɗaya, aka yi ta kiran sunansa a lasifika, ba wanda ya amsa.

Washegari na kai rahoto da baki, kamar yadda muke yi mu da ba ma rubutu. Kwamanda ya ce ba wanda ya hau dandamali ta matakalata, aikina ya cika. Ƙungiya ta aika a ba Malam Sale haƙuri, ya karɓe su da mutunci, ya sallame su. Kafin a yanke dawa yaran unguwa na kiran "Habu maroƙi". Yanzu yana kasuwar Dawanau yana dakon buhu. Yaya Dije ta rasu tana ganin alheri ta yi, ba wanda ya iya gaya mata.

Abin da na koya ke nan. An horar da mu yadda za mu gane mai mugun nufi: idonsa, tafiyarsa, abin da ya ɓoye a riga. Wanda zai yi ɓarna da zuciya ɗaya ba ya da alama, kuma lalube ba ya kama shi. In an ba ki matakala, ki tambayi kanki wa ake tsarewa, ki bi shi da ido har ya shiga gida.

Gurmin yana nan a ɗakin ajiyarmu, a kan ƙusa, ɓera ya ci fatar. Na hana a yar. In kuna shara, kada ku taɓa shi.