Armiya'u da Sabar da Aka Ce Ba Ta Son Mata

Armiya'u mutumin Gurbin Bore ne. Ubansa ya so ya riƙe gonar gero, shi kuwa tun yana ƙarami ba abin da yake so kamar kwance rediyon mutane ba a sa shi ba. Ya yi shekara bakwai yana gyaran rediyo a kasuwar Shinkafi, sannan ya ɓace Kaduna, ya dawo da tabarau da jaka cike da wayoyi da mugun halin nan na ƙin amsa tambaya sai ya ga dama. Daga Zurmi har Kaura, duk inda kwamfuta ta yi gardama shi ake aika wa.

Ni sunana Jaji, ni ke kula da janareta a shagon intanet na Alhaji Rufa'i a Kaura Namoda. A 2004 muna da kwamfuta goma sha biyu, duk sun dogara da wata babba da ake kira saba. In ta tsaya, kowa ya tsaya. Da masu wa'azi suka matsa kan cakuɗuwar maza da mata, Alhaji ya sa kafinta ya raba shagon da filawud: takwas na maza, huɗu na mata, Saliha ƙanwar matarsa tana kula da can.

Daga nan saba ta fara iskanci. Kullum bayan azahar sai ta sandare. Fanka na juyawa, fitila na ci, amma ko ka doki madannan da guduma ba ta motsi. Wasu suka ce salla take tafiya ba ta dawowa. Wasu suka ce mata ne ba ta so, tunda lokacin ne malaman makaranta mata ke zuwa. Alhaji ya ce injina ne ke ba ta ƙazamar wuta, kuma in abin ya wuce Juma'a in ajiye makulli. 'Ya'yana biyar, kuma ban iya komai ba sai injin.

Ranar Talata Armiya'u ya zo. Da sabar ta sandare, Alhaji ya miƙa yatsa zai kashe ya kunna kamar kullum, sai Armiya'u ya cafke hannun.

"Alhaji, kullum haka kuke binne ta ba ku tambayi mi ya kashe ta ba?"

"Kai, sake min hannu! Mutane na jira."

"Su jira. Ba asibiti ba ne."

Ya jawo wata tsohuwar kwamfuta, ya haɗa ta da sabar da waya, don duk abin da kenal ke yi a rubuta shi a can. Kenal, in ji shi, ita ce zuciyar manhajar, mai raba wa kowane sashe aiki. Laraba ya zauna gaban allon tun hantsi yana cin dafaffen rogo da yaji. Ni kuwa na wanke injin sau biyu don fargaba.

Biyu da rabi ta sandare. Ya matso da tabarau. Layi ɗaya ne yake ta maimaituwa har ƙasan allo.

"Ba mutuwa take yi ba," ya ce. "Sallama ta yi mata yawa. Saƙo dubu-dubu ke shigowa ta wayar da ta haɗa kwamfutocin, tana ta amsawa, ba ta samun sarari ta yi komi."

"Injina fa, malam?"

"Injinka hayaƙi yake yi kamar mai gasa kifi. Iyakar laifinai ke nan." Ya juya ga Alhaji. "Wa ya duba bayan filawud ɗin ga?"

Masu gyara uku aka kawo kafin shi, duk sun kwance sabar sun ɗaura, ba wanda ya leƙa sashen mata, wai kunya. Armiya'u ya goge hannu a riga, ya tsaya bakin labule ya yi sallama.

"Shigo, malam," in ji Saliha. "Wata biyu ina faɗin da na kunna ɗan akwatin ga fitilunsa ke haukacewa. Aka ce mi na sani."

Ɗan akwatin da ke raba waya ga kwamfutocin mata ne, kuma sai matan sun zo take kunna shi. A bayansa akwai wata gajerar waya, bakinta biyu duk a soke cikinsa. Saƙo ya fita ta nan ya dawo ta can, ya yi ta zagaye yana hayayyafa har ya toshe sabar. Armiya'u ya zare baki ɗaya. Kafin ya miƙe tsaye, wani a sashen maza ya yi ihu ta dawo.

"Wa ya soka wagga?"

Saliha ta kalli rufi. Alhaji ya gyara hula.

"Ranar da kafinta ya gama na gan ta tana reto," ya ce. "Ba kyan gani."

Ba wanda ya yi dariya sai Saliha. Armiya'u ya naɗe wayoyinsa ya hau kabu-kabu, ana jiransa a Zurmi. Alhaji bai ba ni haƙuri ba, ban kuma sa rai ba. Ranar Juma'a na kai masa makullin na ajiye kan tebur, don in ji daga bakinsa. Ya ture min shi da bayan biro, idonsa na kan wata takarda.

"Ɗauki abinka, Jaji. Ka canza wa injin nan baƙin mai."