Haƙorin Goggo Rejoice

Ranar da kunu ya fito wa Goggo Rejoice ta hanci, a ranar ne tsoro ya kama ni. Muna zaune a rumfarta a Mayo Gwoi, ta kurɓa, sai ga shi yana gangarowa kan leɓenta. Ta share da bakin zane ta ce, "Ƙauna, bar kallona haka, ai ban mutu ba."

Ƙanwar babana ce. Shekara ashirin da biyu tana dama kunun gyaɗa a rumfar nan, ranar Lahadi kuma ita ke ɗaga waƙa a zumuntar mata ta coci. Hausarta ta kasuwa ce, haƙori da haƙuri duk ɗaya suke fitowa a bakinta. Wata bakwai tana riƙe kunci tana cewa "haƙori", ana amsa mata "haƙuri, Mama", ana dariya. Mai kemis ya ba ta ƙwayoyi. Wani mai cire haƙori a Yelwa ya tumɓuke mata uku, bai taɓa duba kumburin da ke ganɗarta ba. Ni ma da digirina na yi dariyar, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

A asibiti aka ce ciwon daji ne a muƙamuƙin sama. Aka cire ɓangaren hagu. Bayan tiyata likita ya yi bayani da Turanci, ni ina fassarawa: ko a yi mata wani abu na roba mai haƙora da zai toshe ramin da tiyatar ta bari, tana cirewa tana wankewa, ko a ɗebo ƙashi daga ƙwaurinta a dasa, amma wannan sai a babban asibiti a wata jiha.

"Ƙafata kuma me ta yi musu?" Da ƙyar na gane abin da Goggo ta ce, maganar ta hanci take fita. Ta kamo hannuna. "Tambaye shi, wanne zai bar ni in yi waƙa?"

Likita ya ce ba zai ce komai ba sai an gwada naman da aka cire, a ga ko ciwon ya fita duka. Wata nas ta dafa kafaɗarta ta ce, "Haƙuri, Mama." Na daka mata tsawa har aka fitar da ni daga ɗakin.

Yanzu ta bututu ake ba ta kunu, wanda ni na dama, kuma ta nuna mini da hannu bai yi kauri ba. An ce sakamako zai zo cikin sati biyu. Yau kwana goma sha tara, bai zo ba.