Keken Baba Sanyin-Hannu

Kullum da safe Baba Sanyin-Hannu kan jingine kekensa a bangon ɗakin ɗibar jini na asibiti, ya wanke hannu, ya jera kwalabe, sannan ya leƙa benci. Allurarsa ce ta jawo masa sunan, don sai ya gama kake tambaya ko ya fara.

Dattawa masu zuwa gwajin sankarar mafitsara su suka fi sanin halinsa. Kafin ya ɗaure maka damtse sai ya rage murya: "Yaya, ka hau keke jiya? Ka kusanci iyali?" Wani tela ya taɓa miƙewa a fusace ya ce, "Jini na kawo, ba sirrin ɗakina ba!" Baba ya lallashe shi, ya ce waɗannan kan ɗaga sakamako, a tsorata mutum a banza.

Daga nan sai ya faɗi abin da ke ɗaure wa kowa kai. Sakamako kan hau alhali ba ciwo, kan fito lafiya alhali akwai. Wata sankarar kisa take yi, wata kuwa har mutum ya tsufa ba ta ce masa uffan ba.

"To Baba, in yi ko in bari?"

"Wallahi ban sani ba, ɗan'uwa. Koma ku tattauna da likita, sannan ka zaɓa."

Shi ma ruɗewar ba ta ƙyale shi ba. Ga direban da aka gano tasa da wuri, yau yana wasa da jikoki. Ga kuma maƙwabcinsa kafinta, da aka yi wa aiki kan wadda wataƙila ba za ta taɓa damunsa ba, yanzu fitsari ba ya riƙuwa, har ya daina zama cikin mutane. Hannu ɗaya ya ɗebi jininsu, kuma abin yana ci masa rai.

Kai ne, Baba, ba ka taɓa ba mutum tabbacin da ba ka da shi ba. Amma mun san abin da kake ɓoyewa: ciwon nan ne ajalin mahaifinka, kai kuwa ba ka taɓa miƙa naka hannun ba.

Ranar da ya yi ritaya, abokiyar aikinsa ta zaunar da shi a kujerar ɗibar jini, ta kwaikwayi muryarsa: "Baba, ka hau keke?"

"Ke ma kin ga da me na zo."

"Shekara nawa kana fakewa da keken nan?"

Ya fita, ya riƙe kan keken, ya daɗe tsaye kamar wanda ya manta hanyar gida. Can sai ya tura wa maigadi. "Ajiye min, ɗan'uwa. Sai na dawo gwaji."

Mun gode, Baba. Masu riƙe allura su yi koyi da kai, su faɗa wa mutum gaskiya ko da ba ta da daɗin ji. Ranar nan a ƙasa ya taka har gida.